Babur ɗin ƙanƙara na yin zafi a kan tafki: wane makankari zan saya, a ina zan ɗaura shi?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Winnipeg, a lardin Manitoba na Kanada. A farkon hunturun bana na sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu, inji mai bugu biyu, cc 800, irin wanda ruwa ke sanyayawa. Bel ɗinsa na ƙasa inci 154 ne, haƙoransa inci 2.5. Mai shi na farko a duwatsun yamma yake hawansa. Ni kuwa kamun kifi nake zuwa da shi a Tafkin Winnipeg, wajen Gimli, ina jan 'yar amalanken kaya a baya, wani lokacin kuma in bi hanyoyin da ake daɓewa. Ko minti goma ba na yi sai fitilar zafi ta kama, ga warin roba na ƙonewa, alhali sanyi ya kai 20 ƙasa da sifiri. Abokan tafiya sun ce in sa makankarin ƙanƙara. Na je shago na tarar da iri biyu, na sifirin (wato naɗaɗɗen ƙarfe mai tankwaruwa ya koma) da na kebur. Wanne ya fi, kuma a ina ake ɗaura shi? Ko dai injin mai matsala aka sayar mini?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ga wanda bai san shi ba, babur ɗin ƙanƙara ba ya tafiya da taya, faffaɗan bel mai haƙora ne ke tura shi a kan ƙanƙara. Tambayoyi uku ka haɗa: ko injin lafiya yake, wane makankari ya dace da kai, da inda za a ɗaura shi. Ta farkon ce ke hana mutum barci, don haka da ita zan fara. Bisa abin da ka bayyana, alamu sun fi nuna cewa injinka ƙalau yake, dusar ƙanƙara ce ba ya samu. Abokanka ba su ɓatar da kai ba. Sai dai makankari, wato abin da ke jan ƙasa ya kankaro ƙanƙara ya watsa wa bel, ƙarfe ne mai sauƙin saye, mai sauƙin ɗaurawa a inda ba zai amfane ka ba, kuma a irin tafiyar da kake yi akwai ranakun da ko na zinariya ka sa ba zai isa ba. Duk za mu bi su.

Abin da ke sanyaya injin

Wanda ya saba da mota zai ɗauka cewa iska ce ke sanyaya ruwan inji, domin a mota lagireto na gaba, fanka na bayansa. Yawancin baburan ƙanƙara masu bugu biyu da ruwa ke sanyayawa ba su da ko ɗaya. Idan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin kujera, cikin rumfar alminiyom ɗin da bel ke juyawa a ciki, za ka ga wasu faranta masu tsaga-tsaga a manne da rufin rumfar, wani lokacin da guda a gaba, kusa da inda bel ke lanƙwasowa. Ruwan inji ta cikinsu yake bi. Bel yana gudu yana kwasar dusa yana watsa musu, dusar ta narke a jikinsu, ta tafi da zafin.

Narkewar nan ita ce asirin. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya zama ruwa, sai ya sha zafi daidai da wanda zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifiri zuwa digiri 80. Iska ba ta kusa da haka, komai sanyinta, balle iskar da ke maƙale cikin rumfa ba ta samun wucewa sosai. Shi ya sa sanyin 20 ƙasa da sifiri bai cece ka ba. Hasali ma ranakun da suka fi ƙona injina a nan su ne na tsananin sanyi bayan an ɗan sami ɗumi: rana ta narkar da saman dusa, dare ya daskarar da ita, safiya ta yi ka fito kan abu kamar daɓe. Haka hanyoyin da ƙungiyoyin mahaya ke daɓewa da dare suke kwana su taurare. Tafkin Winnipeg kuwa fili ne fetal, iska na share shi, ka yi tafiya mai nisa a kan ƙanƙara tsirara ko dusar da ta daskare har takalmi ba ya nutsewa.

Warin robar da kake ji ba daga inji yake ba. Bel ɗin yana zamewa ne a ƙarƙashin sanduna biyu na alminiyom, kowace sanye da dogon takalmin roba mai santsi. A jikin bel akwai 'yan ƙarafa da ke goga wannan takalmin, kuma babu man da ke shiga tsakaninsu sai ruwan dusa. Kamar mai wasa wuƙa ne da ke ɗiga ruwa a kan dutse: ruwan ne ke rage gogayya, shi ne kuma ke ɗauke zafi. Idan babu shi takalmin ya yi laushi, ya fara narkewa, ya yi wari. Takalmin da ya kamata ya kai ka hunturu guda ko fiye yana iya cinyewa a tafiyar yini ɗaya. Fitilar zafi da warin roba a lokaci guda, a kan daskararren wuri, shaida biyu ne a kan abu ɗaya.

Babur ɗinka kuma ya fi na kowa shiga wannan hali. An ƙera shi don dusa mai zurfi ta kan duwatsu, inda sanyayawa ba ta zama abin damuwa. Masu ƙera irinsa suna rage girman farantan da yawan ƙananan tayoyin da ke ɗauke wa takalmi nauyi, don babur ya yi sauƙi. Ga dogayen haƙora: na baburan hanya galibi inci 1.25 ne, naka ninki biyu. Dogon haƙori a kan wuri mai tauri lanƙwashewa yake yi, ba ya tono, kuma yana ɗaga sandunan sama, nesa da 'yar ƙurar dusar da ke tashi a ƙasa.

Kafin ka sayi komai

A wurin aikinmu ba ma ɗaura wa mutum makankari sai mun tabbatar ruwan na zagayawa, domin makankari na iya rufa wa ciwo asiri na ɗan lokaci. Gwajin ba shi da wuya, kai ma za ka iya.

Da safe, inji na sanyi, duba ruwan a gorarsa ko ya kai alama. Kada ka taɓa buɗe murfin inji na zafi. Ka tayar da shi ya ɗumama, ka ɗan zaga, ka kashe, sannan ka sa hannu a saman rumfar ta can baya, inda farantin yake. Ya kamata ka ji ɗumi. Idan allo na nuna inji ya yi zafi amma bayan rumfa sanyi ƙalau, ruwa ba ya kaiwa can: ko iska ta shiga layin, ko tamostat ya maƙale, ko fanfon ruwan ya gaza. Babur na hannu da aka taɓa sauya wa ruwa ba a fitar da iskar da kyau ba, abu ne da muke gani kullum. Ruwan da ke raguwa kullum ba tare da ka ga inda yake ɗiga ba kuwa, wannan aikin gareji ne, sai an sa masa na'urar matsi an gano inda yake zurarewa.

Gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya shi ne wannan: idan zafi ya fara hawa, sauka daga kan daɓen ka shiga dusa mai laushi, ka yi tafiyar minti ɗaya ko biyu. Idan lambar zafin da ke kan allo ta faɗo nan da nan, injinka da layin ruwansa lafiya suke. Idan ta ƙi sauka, ajiye maganar makankari tukuna.

Abu biyu kuma ka duba, don 'yan duwatsu sun saba taɓa su. Na farko labulen robar da ke rataye a bayan rumfa. Da yawa suna yanke shi ko su cire don kada ya riƙe su cikin dusa mai zurfi. A kan daɓe wannan labulen ne ke tare dusar da bel ya watso, ya mayar da ita cikin rumfa. Idan naka guntu ne ko babu shi, saya cikakke kafin ma makankarin. Na sha ganin labule kaɗai ya rage matsalar sosai. Na biyu ɗaurin bel. Bel ɗin da aka ɗaure tamau yana cin takalmi ko da akwai dusa. Littafin babur ɗin ya faɗi iya saukowar da ya kamata bel ya yi idan an rataya masa nauyi, bi wannan.

Na sifirin ko na kebur

Aikinsu ɗaya: bakin ƙarfe ya ja a ƙasa a gefen bel, ya kankaro ƙanƙara, garin ya tashi ya faɗa cikin bel da kan sanduna. Bambancin yana wajen ƙarfin dannawa da abin da ke faruwa idan ka sa ribas.

Na sifirin sandar ƙarfe ce siririya, an naɗe gindinta zagaye biyu ko uku, ta miƙe baya ta lanƙwasa ƙasa. Naɗin ne ke danna bakin da ƙarfi, shi ya sa yake tono ko a wuri mai tauri, kuma feshinsa ya fi yawa. Aibinsa sananne ne: irin na gargajiya ba ya yarda da ribas. Ka manta yana ƙasa ka ja da baya, bakin ya kafe, sandar ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokacin har ta shige cikin bel. Yanzu akwai masu naɗi na musamman da aka yi su don su juye idan an ja baya. Sun fi tsada, amma sun rage wannan ciwon kai ƙwarai.

Na kebur kuwa igiyar ƙarfe ce mai kauri da aka murɗa, da baki mai tauri a ƙarshenta. Tana lanƙwasawa ta kowace fuska, don haka ribas bai dame ta ba, kututture ko dutse ma tsallakewa take yi. Amma laushin da ya cece ta shi ne rauninta. Ba ta dannawa kamar sifirin, a wuri mai gargada tsalle take yi, kuma bayan an daɗe ana aiki da ita tana saki ta riƙe lanƙwasarta, sai ka ga tana shafar ƙasa kawai. Noti ɗaya ke riƙe da ita, idan ya ɗan saki sai ta juya sama, kana tafe kana zaton tana aiki.

Idan ra'ayina kake so, ga shi. Mai babur na hanya mai gajerun haƙora da manyan faranta, wanda ɗan taimako kawai yake nema, na kebur ya ishe shi. Kai ba ɗan taimako kake nema ba. Ga babur irin naka a kan tafki, na sifirin nake ba da shawara, kuma tun da mai kamun kifi ba ya rabuwa da ribas, yau gyara tsayuwa kusa da rami, gobe haɗa amalanke, ka ƙara kuɗi ka sayi mai jure ribas. Idan babu shi a inda kake, sai ka auna kanka da gaskiya. In kai mai mantuwa ne, kebur mai aiki rabi ya fi sifirin da ya karye tun ranar farko.

Kowanne ka zaɓa, ka kula da abu biyu. Tsawo shi ne na farko, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Haƙoran inci 2.5 sun ɗaga sandarka sama da ta baburan hanya da fiye da inci guda. Makankarin da aka yi wa babur na hanya, a jikin naka da ƙyar zai taɓa ƙasa. Faɗa wa mai shago tsayin haƙoranka, ka duba kwalin ko ya ambaci dogayen haƙora. Na biyu shi ne baki. Nemi mai bakin tangistin kabayid, irin ƙarfen nan mai tauri da ke ƙarƙashin siki, wato dogayen ƙafafu biyu masu zamiya da ke gaban babur, kuma wanda ake kwancewa a sauya. Bakin ƙarfe na kawai yana aiki a kan dusa daskararriya, amma a kan ƙanƙarar tafki yana dakushewa da wuri, daga nan sai zamiya.

Za ka kuma ga waɗanda ake ɗaurawa a jikin siki ko ƙarƙashin matakin ƙafa. Hujjar masu son su ita ce feshin na tashi tun daga gaba, ya sami farantin gaba. Gaskiya ne. Amma siki sun fi bel faɗi nesa ba kusa ba, bel ɗinka inci 15 ne ko 16, kuma da ka karya kwana feshin ya bi wani wajen. Na matakin ƙafa kuma dannawarsa na sauyawa duk lokacin da shokozoba ta nutse ko ta taso. Na kan sanda shi ne ke tafiya tare da ƙasa koyaushe, shi ne kuma ke jiƙa takalmi kai tsaye. Da shi za ka fara. In kuwa wata rana ka yi niyyar huda matakin ƙafa, ka fara tabbatarwa babu layin ruwa a wurin, domin a wasu baburan ruwan inji na bi ta gefen matakin.

Inda ake ɗaura shi

Nan ne aikin yake. Makankari mai arha a wurin da ya dace ya fi mai tsada a wurin banza, domin abin da ake nema ba kankarar ba ce, inda garin zai sauka ne.

Babur yana gaba, garin da aka kankaro yana tashi ya koma baya. Duk abin da ke gaban bakin makankari ba ya samun komai. Saboda haka ana ɗaura shi can gaba iya yadda sanda ta ba da dama, wajen da ta gama lanƙwasowa ta kwanta a ƙasa, kusa da ƙananan tayoyin gaba. Ka tuna hannun makankarin baya yake miƙewa, don haka bakin zai sauka bayan notin da kusan taƙi ɗaya ko fiye. Wajen lanƙwasar nan ne takalmi ya fi ci, ga shi kuma ana son garin ya sami tsawon bel gaba ɗaya yana shiga ta ramukan da ke jikinsa kafin bel ya zagaya sama ya watsa wa faranta. Wanda ya ɗaura a tsakiyar sanda ko baya don wurin ya fi sauƙin kai hannu, na bayansa yake yi wa feshi.

Ka shigar da babur gareji mai ɗumi, ƙanƙarar jikinsa ta narke. Kashe inji, cire igiyar makulli. Kafin ka taɓa injin huda, riƙe makankarin da hannu ko da matsi a wurin da kake so, babur na tsaye a kan daɓe, ka duba abubuwa kaɗan. Na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, galibi akwai alama a jiki. Bakin ya sauka a wajen gefen bel da kamar yatsa biyu, kada ya taɓa bel, kada kuma ya yi nisa har garin ya tashi a banza. Hannun kada ya goga taya. Sannan ka sa wani mai nauyi ya hau ya yi ta danna bayan babur, kai kana kallo, domin idan shokozoba ta nutse hannuwanta da matakin ƙafa suna saukowa, kuma abin da ya wuce lafiya babur na tsaye yana iya karo da su a kan hanya. A ƙarshe ɗaga hannun zuwa inda zai kwanta idan ba a aiki da shi, ka ga ko akwai wurin.

Yawancin sanduna suna da ramuka na banza tun daga kamfani, wasu ma an yi su ne don wannan aikin. Idan akwai wanda ya dace, yi amfani da shi. Idan sai ka huda, nemi wurin da alminiyom ɗin yake cike, nesa da manyan tagogin da aka yanke don rage nauyi, nesa da notin taya ko na hannun shokozoba, kuma sama da gindin da takalmi ke kamawa. Ƙa'idar da muke bi ita ce tsakiyar rami ya yi nesa da kowane gefe da aƙalla ninki biyu na faɗin ramin. Sanda tana lanƙwasawa a kowane tsalle, kuma tsagewa daga ramin da ya matse da wani take farawa. Buga alama da fonci, fara da siririn bakin huda, sannan ka faɗaɗa zuwa girman da takardar makankarin ta ce. Goge bakin ramin ya yi sumul, ka share garin alminiyom kada ya zauna tsakanin bel da takalmi. Auna daga noti ɗaya a kowace sanda don ramukan biyu su yi daidai da juna.

Na sifirin yawanci yana da ɗan wutsiya da ke shiga rami na biyu ko ya tokare da wani abu, shi ke hana naɗin juyawa. Wurin wannan wutsiyar ne ke yanke ƙarfin dannawa, don haka kada ka yi shi da ka. Hanyar dubawa: ɗaga bayan babur a kan abin tokare, ka saki makankarin. Bakin ya kamata ya sauko ƙasa da ƙarshen haƙoran bel sosai. Idan daidai da su ya tsaya, to a ƙasa shafa kawai zai yi. Na kebur kuma, babur na ɗage, juya shi ƙasa da ɗan baya, bakin na kallon ƙasa, yadda idan ka sauke babur za ka ga igiyar ta lanƙwasa a fili. Sa washa mai haƙora tsakaninsa da sanda ka ɗaure tamau, kana riƙe da gindin da sifana don kada ya bi notin ya juya.

Kowane iri ne, sa faffaɗan washa a bayan sanda don kada kan notin ya nutse cikin alminiyom, ka ɗiga gam ɗin noti mai launin shuɗi a kan zaren. Gam ɗin yana son ɗumi da kamar awa 24 kafin ya kama sosai. Wanda ya ɗaura a waje cikin sanyi ya hau nan take, kamar bai sa ba ne.

Wani ƙaramin abu da ake rainawa: maratayi. Mutane da yawa suna ɗora hannun sifirin a kan sanda kawai idan sun ɗaga shi. Ƙarfe a kan alminiyom, ga girgiza, a hankali yake sassaƙa kwari a saman sandar. Sa ƙugiyar da ta zo da shi, in babu ka manna ɗan guntun roba ko farantin ƙarfe a wurin da yake kwanciya.

Bayan ka ɗaura

Gwada shi a wuri ɗaya sau biyu. Nemi miƙaƙƙen daɓe, ka bi shi da gudu ɗaya makankari na sama, ka lura da lambar zafi, sannan ka dawo ka bi shi makankari na ƙasa. Idan allonka na iya nuna lamba maimakon fitila kawai, mayar da shi can ka bar shi. Masu bugu biyu na zamani galibi suna zama wajen digiri 40 zuwa 50 idan komai na tafiya daidai, amma littafin naka ne alƙali. Da ka tsaya, leƙa ƙarƙashi: ya kamata ka ga farin gari ko danshi a kan sanduna da hannuwan shokozoba. Idan a bushe suke, ko dannawa ta yi kaɗan, ko bakin ya yi waje da yawa. Aboki ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe kana wucewa, za ka ga inda feshin ke zuwa da idonka. Kada ya tsaya a bayanka. Bayan fitar farko ka sake bin notocin da sifana.

Sauke makankari tun kana barin bakin tafki, kada ka jira fitila. Hana zafi hawa ya fi sauƙi a kan sauko da shi. Ka ɗaga shi kafin hawa tirela, kafin shiga gareji, da wajen tsallaka kwalta, gadar katako ko layin dogo, domin bakin kabayid yana kama gefen abu ya fizge, kuma yana tsaga daɓen siminti. Cikin dusa mai zurfi ma ba ka bukatarsa.

Inda ƙarfinsa ya ƙare

Makankari da gudu yake aiki. A tafiyar hawainiya garin ba ya tashi, gefe kawai yake zubewa, bel ma ba ya juyawa da saurin da zai watsa shi sama. Kai kuma kana jan kaya, ma'ana inji na aiki da ƙarfi a daidai lokacin da sanyaya ta fi ƙaranci. A kan ƙanƙara tsirara abin da baki biyu ke kankarowa ɗan kaɗan ne. Yana jiƙa takalmi, yana jinkirta zafin, amma ba lalle ya riƙe injin cc 800 mai jan amalanke ba. Gudun da yawa ma ba mafita ba ne, domin dogayen haƙora na yin zafi su yage idan aka daɗe ana tsala gudu da su a kan tauri. Matsakaicin gudu mai ɗorewa shi ne naka.

A irin wannan ranar sai ka haɗa da dabara. Bi ta inda iska ta tara dusa, ko da hanyar za ta karkace. Rage kaya. Idan lamba ta hau, kada ka tsaya ka bar inji na aiki, domin a tsaye babu abin da ke sanyaya shi. Kashe shi, ka ɗebi dusa ka tara a saman rumfa ta baya, ka watsa wata a kan sanduna. Idan ka tsaya bayan ka ji warin roba, kafin ka tashi ɗaga bayan babur ka sake shi ƙasa sau biyu ko uku, don takalmin da ya yi laushi yana manne wa ƙarafan bel idan ya huce, ka ba shi wuta a haka kuma bel ɗin kuloci ne zai ƙone. Tun da ka riga ka ji warin, duba takalman yanzu. Akwai layi a gefensu da ke nuna iyakar cinyewa, ka fi dubawa wajen lanƙwasar gaba. Idan sun kai layin sauya su, kuma lokacin ne ya dace ka ƙara ƙananan tayoyi biyu a wurin in sandarka na da ramukansu.

Idan ka yi duk wannan, hunturu ya ƙare kana ganin yawancin fitarka kan tafki ce da kaya a baya, to babur ɗin ne bai dace da aikin ba. Masu kamun kifi da masu aikin daji a nan sun fi riƙe masu inji da fanka ke sanyayawa, ko baburan aiki masu bugu huɗu da ke da lagireto da fanka, masu faffaɗan bel na inci 20 da gajerun haƙora. Irin waɗannan injinsu bai dogara da dusa kaɗai ba, ko da yake takalminsu har yanzu yana son danshi, shi ya sa za ka ga su ma da makankari a kan tafki. Naka kuwa yana da masu nemansa a Alberta da British Columbia, lardunan yamma masu duwatsu, inda aka saba hawan irinsa, kuma farashin na hannu ya fi kyau a kaka, kafin dusar farko, a kan ƙarshen hunturu.